Gidauniyar Malama Talatu da Ruwan Shuka

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mashi, in ya kai Tsamiyar Kabo ya waiga hagu, zai hango wani gini mai aji uku da ɗan ofis da aka shafa wa shuɗin fenti tun zamanin da fenti ke araha. Makarantar Malama Talatu ke nan. Ita ce mai ita, ita ce shugaba, ita ke shara, ita ke buga tsohon wilin tirelar da ke rataye a jikin dalbejiya a matsayin ƙararrawa, in kuma akuya ta shigo aji ita ce mai gadi. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, don haka duk abin da aka faɗa a kanta a nan halas ne.

A cikin birnin Daura aka haife ta, jifa ɗaya daga rijiyar Kusugu, ranar Talata, gajeruwa. Har yau ba ta ƙara wani abin kirki a kan tsawon da ta zo da shi ba. Sai ta hau bulo biyu kafin hannunta ya kai tsakiyar allo. Amma Allah ya rama mata a murya. In ta ce "Shiru!" a aji ɗaya, direbobin da ke lodi a Kongolam, can bakin iyaka, sai sun kashe mota.

Aure ne ya kawo ta ƙauyen. Mijinta, Malam Suhaibu, malamin gona ne, mutum mai ƙarancin magana. In ya ɗaga kai ya dubi gabas ya shaƙi iska, zai gaya maka ranar da ruwa zai sauka, har da gefen da zai fara jiƙawa. Ita kuwa Talatu ba ta kallon sama sai ranar neman watan azumi. Sun raba aiki tun suna amarya da ango: shi ya riƙe sama, ita ta riƙe alli. Da yara bakwai ta fara a zaurensu, shi ya buga mata bulo ɗaki bayan ɗaki. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Khairunnisa, babbar 'yarsu, tana aure a Kano. Yazid, autan, yana Fatakwal, yana kiranta duk Juma'a ya ce, "Inna, lafiya dai ko?" kafin ta gama amsa sallama katinsa ya ƙare.

Makarantar ba ta gwamnati ba ce, ba ta ƙungiya ba, ta Talatu ce da Allahnta. Kuɗin makaranta kuwa sai kaka. Wani ya kawo tiyar gero, wata ta kawo zabuwa, wani ya juye amalanken itace a ƙofar aji, wani kuma ya zo ya yi doguwar addu'a ya shafa ya tafi. Da addu'a ba a biyan albashi, shi ya sa malamanta duk 'yan sa-kai ne, samari da 'yan matan da suka gama kwalejin ilimi suna jiran aiki. Abin da take iya ba su, kunun tsamiya da ƙosai in an tashi tara, sai ɗan alawus in Allah ya hore.

Tana da wata al'ada. Duk malamin da ya zo, sai ta saya masa kofin silba ta rubuta sunansa da jan fenti, ta buga masa ƙusa a bangon ofis. Da shi zai sha kunu. Ranar da zai tafi ba ta ba shi kofin, ta ce ai zai dawo. Malam Saminu ya samu aikin gwamnati. Malama Fadila aure ya kai ta Damagaram. Wani ya sayi babur ya kama acaɓa tsakanin Mashi da bakin iyaka. Wani kuma cewa ya yi bari ya je ya sayo alli, shekara huɗu ke nan, ƙila a Makka ake sayar da allin. Haka kofuna suka jeru har talatin da ɗaya. Duk Alhamis, in yara sun watse, sai ta sauke su ta wanke ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana gaya wa kowanne labarin ajinsa.

Kofi na talatin da biyu na Malam Sabiru ne, malamin lissafi, dogo kamar giginya, wanda sai ya rusuna sau biyu kafin ya shiga aji. Shekara biyu ya yi mata, abin da ba wanda ya taɓa yi. Shi ke riƙe manyan yara, ita tana tsalle tsakanin ƙananan azuzuwa biyu. Kuma shi kaɗai ne babban mutumin da take zama ta yi hira da shi a yini. Ƙarfe tara in ta yi, sai su zauna a inuwar dalbejiya, ya ce, "Inna Malama, yau kunun nan ya ga sukari daga nesa ya gudu." Ta ce, "Ka sha haka nan, zaƙi yana sa mantuwa, ga ka malamin lissafi."

Wata Laraba, rani ya kai maƙura, ya sha kunun bai yi tsokana ba. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Inna Malama, wani Alhaji mai siton hatsi a Kongolam yana neman mai rubuta masa buhuna. Ya ce in zo farkon wata."

Talatu ta kalli tururuwar da ke bin gindin bishiya. "To, ka gaji da mu."

"Wallahi ba gajiya ba ce. Iyayen yarinyar nan da nake nema sun ce in fito ko in ba wani wuri. Da me zan fito? Da alli?"

"In na samo maka alawus tsayayye na shekara guda fa?"

"A ina, Inna Malama?"

"Ba ruwanka. Ka ba ni wata ɗaya."

Ta san abin da tafiyarsa ke nufi: yara tamanin da huɗu, aji uku, mace ɗaya a kan bulo biyu. Ta kuma san kunun tara zai zama na mutum ɗaya, amma wannan ba ta faɗa wa kowa ba.

Gidauniya ta yanke shawarar kafawa. Ta sayar da tunkiyarta, ta je Daura ta buga katin gayyata mai ruwan zinare, ta yi hayar kujerun roba ɗari da hamsin da rumfar tamfol, ta kama Mahdi mai lasifika da janaretonsa. Babban mai ƙaddamarwa kuwa Alhaji Maiturare ne, ɗan garin da ya yi arziki a Kano, wanda ake jin ƙamshinsa kwana biyu kafin ya iso. Ya duba ayyukansa ya ce ba shi da sarari sai Asabar ta farkon watan Yuni. Talatu ta duba kalanda ta ga ba biki, ba suna, ba ranar kasuwa ba ce. Ta ce madalla. Sama kuwa ba ta duba ba, don mai duba mata ba ya nan.

Ta kai wa Mai'unguwa Sama'ila katinsa. Ya sa aka karanta masa, ya leƙa ƙofar zaure ya dubi gabas, ya sosa gemu.

"Asabar ɗin nan mai zuwa ta sama?"

"Ita, ranka ya daɗe."

"To. Allah ya kai mu."

Liman ma haka ya ce. Matan unguwa ma haka. Kowa a garin ya ga hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa, kowa ya ji iska ta juya, kowa ya gyara sunguminsa ya auna irinsa. Amma wa zai kalli baiwar Allah da kati a hannu ya ce mata taronki zai watse? Ai ya zama mai mugun baki. Wa kuma zai ce Allah ya tsayar da ruwa? Ai ya zama maƙiyin gari. Sai kowa ya ce Allah ya kai mu, ita kuma ta koma gida tana cewa mutanen garin nan akwai haɗin kai.

Allah kuwa ya kai su. Ana idar da sallar asuba ranar Asabar sama ta buɗe baki, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin hantsi ya ɗauke, ƙasa ta jiƙu kamu guda. Ruwan shuka ke nan, wanda ba ya jiran kowa, ko gawa aka yi sai an gaggauta.

Talatu ta fito cikin atamfarta ta Sallah, ta goge kujeru ɗari da hamsin da hannunta. Ta ajiye babbar ƙwarya a kan tebur don zuba gudummawa. Tana ta ganin mutane suna wucewa ta bakin hanya, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoƙon iri, kowa ya sunkuyar da kai yana sauri kamar wanda ya ga suruki. Ɗalibanta da suka yi sati uku suna koyon waƙar maraba, ga su can suna bin bayan iyayensu.

Mahdi ya haɗa wayoyi, ya tayar da janareto, ya ce "Gwaji, gwaji." Sannan ya matso. "Hajiya, minti goma. Zan leƙa gida in dawo." Ta ga sungumi ɗaure a bayan babur ɗinsa.

Sai ga Sabiru, wandonsa a naɗe. Ya tsaya daga nesa ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna Malama, Baba ba ya iya sara yanzu. In ban je ba..."

"Ka san za a yi ruwan?"

Ya sunkuya yana gyara naɗin wandonsa.

"Kai ma ka sani. Je ka, Malam Sabiru. Gona ba ta jira."

Wajen sha ɗaya waya ta yi ƙara. Alhaji Maiturare ne. Kwarin da ke kafin gari ya cika, motarsa ba ta shiga ruwa, ya juya. "Malama, za mu sake sa rana, in sha Allahu." Ko ƙamshin bai ƙetaro ba.

Ta zauna a kujerar babban baƙo, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Wata kaza ta hau kujerar uban taro. Janareto yana ta shan man da ta saya da kuɗin tunkiya. Talatu kuwa ko ashana ba ta yarda ta ƙone a banza. Ta jawo bulonta biyu, ta hau, ta ɗauki makirfo, ta buɗe jawabin da ta yi kwana goma tana rubutawa.

Ta gai da manyan baƙi, kujeru suka yi shiru. Ta ba da tarihin makarantar. Ta karanta sunayen malamai talatin da ɗaya, kowa da ajin da ya riƙe da garin da ya tafi. Muryar da ba ta buƙatar lasifika, yau ga ta da lasifika biyu, iska mai laima tana ɗaukarta gona-gona. Masu sara suka rage sauri. Ta ce saura mata malami ɗaya, shi ma tafiya zai yi. Daga nan takarda ta ƙare, ta tsaya tana kallon gabas inda wani hadarin ke tasowa.

"Suhaibu," ta ce, ba da muryar aji ba, "da kana nan ai da ka gaya mini."

Mai'unguwa Sama'ila ya ce a gonarsa ta bayan kwari ya ji wannan maganar, har iri ya zube masa.

Da la'asar suka fara dawowa, ƙafafu duk taɓo. Ba wanda ke da ko sisi, kuɗin gari duk ya tafi a iri da taki. Wata tsohuwa ce ta fara. Ta ratso tsakanin kujeru, ta juye ragowar irin geronta a cikin ƙwaryar gudummawa, ta ce, "Malama, a yi haƙuri da mu." Na bayanta ya yi haka. Kafin magariba ƙwarya ta cika ta tumbatsa, gero da dawa da wake duk a gauraye, har aka shimfiɗa tabarma.

Sabiru ne ya zo ƙarshe. Ya dubi tulin irin, ya lissafa da ido, da yake aikinsa ne.

"In aka shuka filin ƙwallo da bayan aji, zai yi dami ashirin. Amma sai kaka, Inna Malama. Wata huɗu."

"Alhajin zai jira wata huɗu?"

"A'a."

"Iyayen yarinyar fa?"

Ya girgiza kai.

"To, Allah ya sa alheri a tafiyar. Kwashe mini kujerun nan kafin ka wuce, masu su za su zo da safe."

Ranar Litinin ya hau motar Kongolam. Ya nemi ta ba shi kofinsa, ta hana, ta ce ai zai dawo.

A makon nan ne Talatu, 'yar birni, tana da shekara hamsin da uku, ta fara riƙe sungumi, wanda ya fi ta tsawo da kamu biyu. Layukan da ta sara sun karkace kamar rubutun 'yan aji ɗaya, amma sun fito. Mai'unguwa ya aiko da gayya aka yi mata noman farko. Da kaka ta samu dami goma sha bakwai, tana gaya wa mutane ashirin, don kada a ce lissafin Sabiru ya kuskure.

Damman suna nan a aji na uku, wanda babu kowa a ciki, don ta haɗe yaran a ɗaki biyu, tana tsayawa a ƙofar da ke tsakani tana koyar da hagu da dama. Ta aika saƙo Daura da Mashi cewa ana neman malami, akwai gero na shekara. Ba wanda ya zo tukuna. Ƙarfe tara takan zauna ƙarƙashin dalbejiya ita kaɗai da kununta, ta ɗaga kai ta dubi gabas ta shaƙi iska. Sau uku ta yi hasashen ruwa bana, sau uku rana ta ƙwalle.

Ta dai sayo sabon kofi, ta buga masa ƙusa kusa da na Sabiru. Gwangwanin jan fentin yana kan taga, kuma duk Alhamis takan buɗe shi ta ɗiga kananzir ta motsa, don kada ya bushe.