Haladu Mai Rijiya a Yaƙin Bama

Haladu ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Roni, kuma haƙar rijiya ya gada. Ƙasarsu akwai dutse, ruwa yana da nisa, don haka ba kowa ke iya aikin ba. Tun daga Roni har ƙauyukan Gwiwa, in rijiya ta rufta ko tana son yasa, shi ake aika wa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Yana da mata ɗaya, Rahamatu, da 'yar gonar gero a bayan gari.

A shekarun yaƙin Hitila aka aiko wa dagacinsu cewa ana son mutane a soja. Masu 'yan uwa a fada duk suka zame, shi kuwa Haladu ba shi da mai tsaya masa. Dagaci ya kira shi zaure, ya ce masa Turawa suna neman masu haƙar rijiya ne, ba mayaƙa ba, Kaduna kawai za a kai shi, kafin shuka ya dawo. Haladu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yadda ka ce." Har dagi da igiyarsa ya ɗaure ya tafi da su. A Kano aka karɓe kayan aka jefar, aka aske masa kai, aka ba shi kaki.

Kaduna dai ya gan ta, amma bai zauna ba. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, jirgin ruwa ya kai su Indiya, daga can aka shiga da su dajin ƙasar Bama. Da sajensu ya ji sana'arsa sai ya miƙa masa diga da shebur. Shi ke haƙa ramin ɓuya, shi ke haƙa masai, in an kashe wani shi ke haƙa kabari. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, ƙafa tana ruɓewa a cikin takalmi.

A can ya sami aboki, Hamma, Bafulatanin Gwiwa mai ɗaukar kayan harsashi a ka. Sukan zauna suna lissafa rijiyoyin da suka sani a gida, wadda ruwanta ke da zartsi da wadda shanu suka fi so.

Wata rana da hantsi Japanawa suka buɗe musu igwa. Su biyun suka faɗa rami ɗaya, wanda Haladu ya haƙa da hannunsa. Harsashin igwa ya sauka kusa, gefen tudun ya zubo ya rufe su. Haladu ya sami 'yar kafa ta numfashi a ƙarƙashin wani itace. Yana jin Hamma yana riƙe da ƙafarsa, yana matsawa, har riƙon ya saki. Sai bayan la'asar aka tono su. Haladu ya fito da rai, kunnensa na hagu ya toshe. Washegari shi aka sa ya haƙa wa Hamma kabari.

Bayan an gama yaƙi aka sallame shi, ya dawo gida. Ya tarar Rahamatu tana nan, ita ta riƙe gonar. Ya tarar kuma babbar rijiyar garin ta rufta tun bara, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Masu zuwa yi masa barka da dawowa, kowa sai ya ƙare da zancen rijiya.

Bai musa ba. Aka taru, aka ɗaura masa igiya, aka fara zura shi. Bai kai gaba uku ba ƙasa ta ɗan zubo masa a wuya. Nan take numfashinsa ya ɗauke, ya kama ihu yana kiran Hamma, sunan da ba wanda ya sani a garin. Aka jawo shi, wandonsa a jiƙe. Wasu suka kawar da kai, wasu suka yi dariya. Dagaci, wanda ke zaune a inuwa, ya ce ashe haka sojojin suke, ya sa a nemo wani mai haƙa daga Babura.

Haladu bai sake shiga rami ba. Ya je Kazaure neman aikin ɗan doka, tunda ya ji ana ɗaukar tsofaffin sojoji. Aka yi masa magana ta gefen kunnen da ya mutu, bai amsa ba, aka ce ya koma gida. Daga nan ya wuce Gwiwa ya nemi rugar su Hamma. Tsohuwar da ta haifi Hamma ba ta tambayi yadda ya mutu ba, abin da ta so ji shi ne ko an yi masa salla. Haladu ya ce an yi, shi da mutum biyu, a gurguje.

Sauran rayuwarsa tufkar igiya ya yi, yana kaiwa kasuwar Roni. Sunansa ya koma Soja, kuma ba don girmamawa ba. Rahamatu takan ce mutumin da aka dawo mata da shi ba ya iya kwana a ɗaki in an rufe ƙofa, ko da sanyi.

Duk shekara akan aiko dogari ya kira shi Kazaure, a jera tsofaffin sojoji da lambobin yaƙinsu a ƙirji, Bature ya wuce yana duba su. Ya je sau biyu, a ƙafa, ba wanda ya ba shi ko ruwa. A karo na uku ya shiga ɗaki ya ɗauko lambar, ya sa wa dogarin a hannu.

"Kai musu ita. Ita suke son gani."

Dogarin ya ce wannan rashin kunya ce ga manya, zai faɗa wa dagaci. Haladu ya juya masa kunnen hagu, ya ci gaba da tufka.

Ya rasu da damina, shekara biyu kafin Turawa su tafi. Ranar ana ta shuka, mutane kaɗan ne suka sami zuwa jana'izar.