Naman Suri Ba a Cin Sa Mutum Ɗaya

Tsakanin Gagarawa da Gumel akwai wani ɗan ƙauye da mota ba ta tsayawa a cikinsa sai an bubbuga mata jiki. A ƙarshensa ta gabas, inda dangar gidaje ke ƙarewa gonakin riɗi su fara, nan Iya Zaituna take zaune. Tambayi kowa gidanta zai nuna maka, amma da leɓe zai nuna, yana 'yar dariya: "Mai laimar kwaɗi? Ga shi can."

Ita kuwa ba ta taɓa amsa wannan suna ba. Laimar kwaɗi, in ji ta, ita ce wadda ke tsirowa a kan kashin shanu da ruɓaɓɓen kututture, wadda ko akuya ba ta kallo. Nata daban ne. Naman suri take ce masa, don a gindin surin gara kaɗai yake fitowa, sau ɗaya a damina, bayan an kwana ana ruwa mai tsawa. Fari ne, da ɗan tsini ja-ja a tsakiyar kansa kamar malafa, ƙafarsa kuma doguwa ce, ta nutse can cikin gidan gara. Da asuba yake fasa ƙasa. Kafin rana ta take tsaka tsutsa ta shige shi, washegari sai baƙin ruwa da wari.

Wurin kakarta ta koya, tun tana 'yar ƙarama mai riƙe ƙwarya. Tsohuwar ta nuna mata yadda ake zura tsinke a sassauta ƙasa don kada ƙafar ta karye, da yadda ake mayar da ƙasar a toshe ramin don kada gara ta yi fushi ta tashi. Sannan ta ba ta dokar da ta fi kowace nauyi: naman suri ba a cin sa mutum ɗaya. Gara taron dangi ta yi ta noma shi, wanda ya ɓuya a ɗaki ya cinye shi kaɗai marowaci ne, suri ba zai sake ba shi ba.

A wancan zamanin dokar ba ta da wuya. Shekarun da aka yi fari, lokacin Zaituna tana amarya a gidan Usaini mai haƙar rijiya, gari kaf ya ci naman suri. Mata har rige-rige suke yi da asuba. To, ka san halin ɗan Adam: abin da ya ci da yunwa shi yake fara jin kunya idan ya ƙoshi. Da damina ta gyaru, rumbuna suka cika, sai aka fara cewa ai abincin wahala ne. Yaran da aka haifa daga baya ba su ma san ana ci ba. Wata shekara kuma aka ji labarin wani gida can wajen Maigatari da suka tsinto wanda ba shi ba, aka kwashe su zuwa asibiti. Shi ke nan, magana ta ƙare. Gidajen garar ma suka yi ta raguwa, wasu motar noma ta baje su, wasu aka zuba musu maganin gara. Saura ɗaya, a gonar Usaini, ƙarƙashin wata aduwa.

Masu ci ma saura biyu: Zaituna da Larai.

Larai Bafillatana ce mai tallan nono daga rugar da ke bayan gari, Zaituna kuwa jinin Mangawa, abokan wasan Fulani, don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai tsiya. Ranar da naman suri ya fito, Zaituna kan tsaya a bakin danga ta tare ta.

"Ke 'yar ruga, sauke ƙwaryar nan, yau za ki ci abincin mutane."

"Kayya, baiwata ta yi mini girki! Allah ya sa kin wanke hannu."

Larai tana da nata bayanin dokar. Cewa take yi, "Ba wata gara. Tsofaffi dabara suka yi, in abin ya kashe ka, ka samu abokin hira a hanya." Su yi ta dariya, hannu biyu cikin akushi ɗaya.

Usaini ya rasu. Cikin 'ya'yan da ta haifa ɗaya ne ya rayu, Abdulƙahhar, yana tuƙin babbar mota a Kurmi, sai Sallah yake leƙowa, wata Sallar ma sai dai waya. Aka raba gidan da katanga, ɗan ƙanen Usaini ya zauna a ɗaya sashen da matarsa Ummukulsum. Yarinyar kirki ce, kullum za ta miƙo tuwo ta saman katanga ta ce, "Goggo, ga abinci." Amma ta miƙo ɗin ne ta koma. Duk wannan bai dami Zaituna can ba muddin Larai na zuwa. Sai wata kaka Larai ta kwanta ciwon ƙirji, ba ta tashi ba.

Daminar da ta biyo, naman suri ya fito kamar bai san an yi mutuwa ba. Zaituna ta tono, ta dafa, ta bi gida gida da kwano.

"Mun gode, Iya, yanzu muka tashi daga kan abinci."

"Wayyo Goggo, cikina ba ya son baƙon abu."

Wani dattijo sa'an mijinta, wanda ta san sarai ya sha romonsa a shekarun fari, ya kawar da kai ya ce shi bai taɓa jin ana cin wannan ba. Ta dawo da kwanonta a rufe, ta zubar a bayan danga. Daga wannan shekara ba ta ƙara tonowa ba. Takan dai je da asuba idan an yi ruwa mai tsawa, ta tsuguna ta dube shi, ta kore kaji, ta zauna har rana ta ɗaga, ta taso ta bar shi ya ruɓe a inda ya tsiro. Damina nawa aka yi haka, ita ma ta daina lissafi.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Hamza ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofarta da baƙo a baya. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, da tabarau da jaka. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sunansa Muntaka, asalinsa Gumel, yana koyar da ilimin tsirrai a wata jami'a. Masu sayar da sassaƙe a kasuwar Maigatari ne suka yi masa kwatancenta. Ya fito da waya ya nuna mata hoto.

Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake matsowa da ita. Wani abu ne baƙi-baƙi a yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, kwance a kan tsohuwar takarda. Amma ga tsinin nan a ka, ga doguwar ƙafar.

"Wannan ai gawa ce," ta ce. "Wa ya yi masa haka?"

Muntaka ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce can ƙasar Turai akwai wani gini cike da akwatuna, ba komai a ciki sai busassun ganyaye da furanni da irin waɗannan, kowanne da takardar da ke faɗin inda aka samo shi. Wannan tun jirgin ƙasa yana sabon abu a Gagarawa Tasha wani Bature ya aika da shi. Wani masani a can ya auna shi, ya zana shi, ya raɗa masa suna. Ya faɗi sunan, dogo mai karya harshe.

"Sake faɗa." Ya sake. Ta girgiza kai. "Allah ya raya."

"Matsalar, Iya, shi mai raɗa sunan busasshe kawai ya gani. Wurin launi ya rubuta ba a sani ba. Wurin ƙamshi ma haka. Kuma tun daga wannan ƙwaya ɗaya ba wanda ya sake rubuta cewa ya gan shi."

"Wancan rubutun na gefe fa, me ya ce?"

"Ya ce kusa da Gumel, da damina, a kan suri. Wata mace ce ta kawo."

"Wace ce?"

"Ba a sa sunanta ba."

Zaituna ta sake kallon hoton. "Ɗaya ta ba shi ke nan. Ragowar da wa ta ci?"

Muntaka ya mayar da wayar aljihu. Ta kai shi gindin aduwa ya ga surin, ya zagaya shi, ya taɓa ƙasar, ya yi ta tambaya tana ba shi amsa. Rabonta da doguwar magana irin ta ranar tun Larai na da rai. Da zai tafi ya bar lambarsa wurin Ummukulsum, ya ce, "Iya, duk ranar da ya fito a kira ni. Ko ina nake zan zo da kaina. Shekaru nake neman sa."

Ka ji fa. Mutum ya ce shekaru yake neman naman suri, zai taso takanas daga wani gari dominsa. A duniyar Zaituna abu ɗaya ake neman naman suri a yi da shi. Shi bai ce kada a dafa ba, don bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ita ba ta tambaya ba, don wa ke tambayar baƙo ko zai ci abinci?

Ta shiga shiri tun kafin ruwa ya sauka. Ta sa aka sayo mata daddawa mai kyau daga Sule Tankarkar, ta ɓoye ɗan man gyaɗa a kwalba, ta fito da akushin da ya daɗe a kife ta wanke ta shafe shi da mai. Hadari ya haɗu ta fito tsakar gida ta dube shi, ya watse ta koma. Ummukulsum ta ce wa mijinta, "Goggo fa har waƙa na ji tana yi."

Gero ya kai gwiwa sannan aka yi ruwan da take jira. Da asuba ta tarar da gindin surin fari fat. Ta tsuguna da tsinkenta ta tone su ɗaya bayan ɗaya, ba ta karya ƙafa ko guda ba, ta toshe ramukan. Ba ta bar komai ba, me za a bar wa tsutsa? Ummukulsum ta buga waya, Muntaka ya ce ga shi nan tafe. Zaituna ta yanke gindin da ke da ƙasa ta watsa a juji, ta yayyaga sauran da hannu, ta soya da albasa da daddawa da ɗan barkono, ta tuƙa tuwon gero mai laushi. Ƙamshin ya tsallake katanga.

Bayan azahar suka iso, babur ɗin Hamza duk taɓo. Muntaka ya sauko da akwati da na'urar hoto da wasu 'yan kwalabe, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce, "Iya, mu je gonar?"

"Gonar me? Zauna, ɗan nan, ka sha hanya."

Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta buɗe akushi. Tururi ya tashi. Muntaka ya dubi miyar, ya dube ta.

"Wannan... shi ne?"

"Shi ne mana. Ka ce ba a san ƙamshinsa ba. To ga shi."

"Duka?"

"Duka. Ai ban rage komai ba."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Hamza ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Muntaka bai ɗaga murya ba, mutumin kirki ne. A hankali ya yi mata bayani cewa ɗanye yake buƙata, da kansa da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa a inda ya tsiro, a busar, a gwada da wancan na cikin akwati. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba. Ya tambayi inda ta zubar da gindin, ya je juji ya tsuguna yana tsintar abin da kaji suka rage yana sawa a kwalba. Ya je gindin aduwa ya ɗauki hoton ramukan da ta toshe.

Ita tana zaune gaban akushi, ta rufe shi da faifai don kada ya huce.

Da ya dawo ta ce, "To, an yi ɓarna, a yi haƙuri. Amma tunda an dafa, bismilla."

Ya durƙusa a bakin tabarma. "Iya, ki gafarce ni. A aikinmu ba ma kai irin wannan baki sai an tabbatar da ko wane ne. Na ga waɗanda aka kawo asibiti. Ba ke nake zargi ba, wallahi."

"Tun ina 'yar ƙarama nake ci."

"Na sani, Iya."

"Ko loma ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Ta dubi Hamza. Hamza ya ce, "Ni azumin nafila nake, Iya," alhali goro na kumatunsa. Ya nuna gabas, inda wani hadarin ya fara haɗuwa, ya ce in ba su tashi yanzu ba hanya za ta yanke.

Muntaka ya ɗaure akwatinsa. "Baɗi in Allah ya kai mu zan zo in kwana a garin nan tun farkon damina. Kada dai a dafa."

"Allah ya kai mu," ta ce.

Ƙarar babur ta yi nisa har ta ɓace. Zaituna ta leƙa ta saman katanga ta kira Ummukulsum, aka amsa daga cikin ɗaki cewa an gode, an ƙoshi. Ta dawo ta zauna. Iska ta fara kaɗa faifan, ta dafe shi da hannu. Ta daɗe a haka, har ɗigon farko ya sauka a tabarma, sannan ta ja akushin zuwa ƙarƙashin rumfa.

Ta wanke hannu. Ta buɗe. Da gefen tafinta ta tsaga tuwon gida biyu, ta tura rabi can ɗaya gefen da Larai kan ci, ta zuba masa miya daidai da nata. Ta yi bismilla ta kai loma. Yana nan yadda ta san shi, daddawar ma ta yi daidai. Ta ci nata gefen a hankali har ta kai kan tsagar, ta tsaya nan, ta janye hannunta.