Sandar Fatsar Malam

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce Malam, maigidana, ya ajiye aikin gwamnati. Wata uku yana zaune a gidanmu na Ƙofar Marusa, ba fita sai masallaci. Ya rame, kuma komai faɗa. Ni na san namiji in ya fara ƙirga tsintsiyar gida, ciwo na kusa.

Sai ƙanensa ya zo daga kudu da sandunan fatsa biyu da wani ɗan kifin roba mai ƙugiyoyi a ciki, wanda ake ja a ruwa manyan kifaye su kai masa cafka. Ya ce Yaya ya gwada ya ɗauki ɗaya. Baƙar ta girafait ce wai, ba nauyi, ga tsauri; ko ciyawa ta taɓa zaren sai ka ji a hannu. Rawayar ta zaren gilas ce, mai nauyi, tana lanƙwasa kamar tsumagiya.

Malam ya ɗauki baƙar. Asabar uku yana zuwa dam a babur, yana dawowa da buhu wayam. A ta ukun ya ce zai mayar da duka biyun, shi ya gama.

Ni ke wanke kayan. Kowace dawowa sai na tarar da ɗan naman leɓen kifi maƙale a ƙugiya. Na kai masa a tafin hannu.

"Malam, wannan fa?"

"Mi kika sani a su, Hajiya? Ko rafi ba ki taɓa tsallakewa ba."

"Su ban sani ba. Kai na sani. Tuwo ma ba ka bari ya huce. Kifi na taɓawa wannan baƙar ta kai maka tsegumi, ka fizge, ka yaga masa baki. Ɗauki mai nauyin. Kafin ta gaya maka, ya riga ya haɗiye."

Ya yi tsaki, ya ce rawayar ta tsofaffi ce.

"To kai yaro ne?"

Ranar Asabar dai na ga rawayar ɗaure a babur. Da la'asar ya shigo da tarwaɗa biyu, ɗaya ta kai tsawon hannuna, ya ajiye bakin murhu yana kallon gefe.

"Kafaɗa take sa ni ciwo," ya ce.

Na ɗauko man zafi. Shekara tara ina shafa masa kafaɗar nan duk Asabar, yana mita, ina sauraro.