Saje Haladu da motar da ya ɗauka

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Saje Haladu, a Ƙofa. Har ya koma ga Allah ana kiransa Saje, ko da yake tun kafin furfura ta fito masa aka karɓe igiyoyin muƙamin, aka haɗa da fanshonsa.

Kwanakin nan duk rediyon da ka kunna maganar ɗaya ce: manyan ma'aikata da manyan sojoji da suka yi ritaya, in kotu ta same su da cin amanar dukiyar jama'a, a ƙwace fanshonsu ko a bar musu? A majalisarmu ta ƙofar masallaci har an fara tausayi, wai ai sun tsufa, wai suna da iyali. Ni dai in na ji haka Yaya nake tunawa.

Direba ne a wani bariki, saura masa kaɗan ya ajiye aiki. Akwai wani mai shayi a kasuwar barikin, Sale, mutumin Doguwa, da ciwo ya ci ƙarfinsa har asibiti suka ce a koma gida. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ma'anar wannan. Sale ya roƙi a kai shi ya ga mahaifiyarsa, masu motar haya kuwa suka ƙi ɗaukarsa. Yaya bai nemi izinin kowa ba, ya tayar da motar da aka ajiye don ko-ta-kwana, ya kama hanya. Ya kai shi da rai, kuma a gaban tsohuwar Sale ya cika.

A ranar ce wani ƙaramin soja ya ji mummunan rauni a ƙafa wajen atisaye. Aka nemi mota, babu. Kafin a samo wata ya zubar da jini mai yawa, ƙarshe sai yanke ƙafar aka yi. Kotun soja ta kori Yaya, ya dawo Ƙofa da akwatin ƙarfe da mata da 'ya'ya biyar.

Ina zaune a zaure kawunmu ya zo da shawarar kamun ƙafa. Ya san wani babba, ya ce a sayi rago a je, ko fanshon a ceto.

Yaya ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Motar nan ni na ɗauka, ba ƙage aka yi mini ba. Yaron yana can yana dogara sanda. In je in ce me?"

Kawu ya ce ai taimako ya yi.

"Taimako na yi da abin da ba nawa ba," in ji shi.

Na ji haushinsa a lokacin, don ni na ga abin da ya biyo baya. Mutumin da ya saba da sitiyari ya koma noman rani a bakin dam ɗin Tiga, bayansa ya lanƙwashe, matarsa Yaya Binta ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, ya ji an kama wani babba, an yi ta hayaniya, daga baya a gan shi a ɗaurin aure ana yi masa kirari. Sai ya kashe rediyon ya fita gona.

Da yana raye yau, na san ba zai yi murna don an ƙwace wa wani tsoho abinci ba, ya san ɗacin abin. Amma zai tambaya, cikin muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, ko dokar da ta iya gano saje a kan mota ɗaya ta manta hanyar gidajen manya ne. Ni ma tambayata ke nan, kuma da zafi nake yin ta.

Gwamnati ba ta bin Yaya komai, shi ma bai tafi yana bin ta ba. Amma duk kaka ƙannen Sale suna sauke buhun masara daga Doguwa a ƙofar Yaya Binta, ba su taɓa fashi ba. Bana da ya iso na ce mata alherin Saje ne ke bin ta. Ta sa aka raba masarar biyu, ta ce a kai rabi tasha.

"Na mai sandan ne," in ji ta. "Haka yayanka yake yi tun shekarar farko. Kai ne dai bai gaya wa ba."

Allah Ya jiƙan Saje Haladu, Ya yafe masa motar.