Saiwar Jema

Ko da omo za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da ranar da lambun Alhaji ya sauko da kansa ya same mu a bakin titi ba. Ku sababbin ma'aikata, ku matso ku ji.

Lokacin ni ne shef, wato shugaban masu aikin lambu a kamfaninmu nan Garwa. Wani attajiri, Alhajin da nake faɗa, ya sayi tudu a hanyar Ngong, mai gangaren da ko akuya sai ta yi bisimilla kafin ta hau, ya ce lambu yake so.

Ƙa'idar gangare ɗaya ce: kada ka bar ruwa ya yi gudu. Muka ɗauko magina daga Mora, masu jera dutse ba siminti, suka yanka tudun hawa-hawa kamar matakala. A bakin kowane hawa muka dasa jema layi-layi. Jema ciyawa ce mara kyan gani, amma saiwarta tana nutsewa ƙasa fiye da tsayin mutum, ita ce ke riƙe tudun. Sannan muka sa mangwaro da lemo da gwaiba. Damina uku ina hawa ina sauka, har tumbina ya yi fushi ya tafi. Mai kamfani ya ce in lambun ya tsallake damina ta huɗu, duk aikin tudu ni da mutanena za a riƙa ba wa.

A watan Afrilu aka yi bikin ɗan autan Alhaji, ni kuwa an tura ni aiki Marwa. Na dawo na tarar da layukan jema sun zama ramuka, kamar gafiyoyin duniya sun yi taro. Ga Hajiya Dudu, yayar Alhaji, mai haɗa turaren biki, zaune gaban ragowar saiwa.

Na ce, "Hajiya, me na yi muku?"

"Kai ne Shef? Allah ya yi maka albarka! Irin wannan jemar ko a kasuwar Roumdé Adjia babu. Ƙamshi har cikin kai."

"Hajiya, ita ce fa ke riƙe da tudun nan!"

"Tudu Allah ke riƙe da shi, ɗan nan. Ganyen ai mun bar maka, ga shi can mun tara."

Na je wurin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, akwai haɗari." Ya yi dariya. "Malam Sale, ƙato da kai, a kan ciyawa kake kuka? Damina za ta fito da wata." Mai kamfani ya ce kada in ɓata masa ciniki. Muka sake dasa abin da ya samu, amma sabuwar jema sai ta daɗe kafin ta kama ƙasa.

A Agusta, wata ranar bayan la'asar, sama ta ɓalle. Hawan sama ya zame ya danne na ƙasansa, shi ma ya tafi da na gaba. Ina rumfar mai gadi ina kallon mangwarorin da na rena kamar 'ya'yana suna wucewa a kwance, saiwa a sama. Duwatsun maginan Mora suka tare titi, direbobi suna zagin wanda ya yi wannan aiki. Na taya su.

Alhaji ya ce aikinmu ne ba shi da inganci. Aka sallami mutanena, magidanta masu iyali. Ni aka dawo da ni nan wurin renon tsiro, ina ɗura ƙasa a leda har yau.

Ranar da tudun ya zame, na koma gida a jiƙe, maiɗakina ta ɗebo mini ruwa a randa. Sai ƙamshin saiwar jema ya buge ni.

Ta ce, "Tsarabar biki ce, Hajiya Dudu ta raba wa kowa. Ba daɗi?"

Na shanye. Iyakar abin da na ci daga lambun ke nan.

Mun auna gangare, mun auna ruwa, mutanen gidan ne ba mu auna ba. A wannan sana'a, abin da ke riƙe komai a ƙarƙashin ƙasa yake, ba mai ganinsa, ba mai gode masa. Ku dai ku yi addu'a kada ya yi wa kowa ƙamshi.