Akwatin da Ba Ya Ɗaukar Uku

Shekarar da aka jawo mana intanet gida a Diffa, ni da kaina na haɗa akwatin wifi, kuma na yi mako guda ina ba da labarin ga mutanen da ba su tambaye ni ba. Wanda ya ja wayar kai ɗaya tak ya bar mana, mu kuwa kwamfuta biyu gare mu, tawa ta buro, wato ofis, da ta matata, wadda take ƙarin karatun unguwarzoma daga nesa. Kullum sai mun yi cacar baki a kan wanda zai soka waya. Da na gaji sai na yi saƙo aka kawo mini akwatin daga Damagaram. Takardar bayaninsa da Ingilishi take, ni kuma da Faransanci na yi boko, don haka hotuna na bi. Sau uku ina soka wayar a ramin da ba shi ba, na yi gumi, na zagi wanda ya ƙera shi, kafin fitilun suka koma kore. Na sa masa kod, wato lambar sirri, mai tsawo, na kafa ƙusa kusa da taga na rataye shi.

Haya muke yi a gidan wani dattijo Babarbare, wanda tun kakanninsa suke noman tattasai a bakin Komadugu. Gajeriyar katanga ce tsakaninmu. Mu Kirista ne daga kudu, amma bai taɓa yin layya bai aiko mana da cinya ba.

Ƴarsa ta gama lise, wato babbar sakandare, tana son shiga jarrabawar ɗaukar malaman makaranta, kuma a intanet ake tura takardun. Ta ari tsohuwar kwamfuta wurin ƙawarta, ta kunna, ta ga wifi ɗinmu yana isa har ɗakinsu. Bayan la'asar sai ga dattijon ya yi sallama. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci.

Ya ce, "Mushe, yarinyar nan ta ce ruwanka yana ƙetarowa wajenmu, amma an toshe bakin. Ko ka buɗe mata kwana biyu ta tura dosiye nata, takardun nan?"

Da harshen gonarsu ya yi maganar. A bakin kogi, mai inji in ya gama shayar da tattasansa sai ya fasa wa maƙwabci hanyar ruwa, ba a roƙon wannan sau biyu. Ni kuwa abin da na hango daban. Kod in ya shiga hannu ɗaya, gobe rabin unguwa na jingine da katangata, abu ya dinga tafiyar hawainiya. Da na ce a'a kai tsaye ma da sauƙi, amma ban iya kallon idonsa na faɗa ba.

Na ce, "Gaskiya Baba, akwatin nan biyu kawai yake ɗauka. In ta uku ta hau, ƙonewa zai yi."

"In kun kashe ɗaya fa?"

"Ai ya riga ya haddace namu biyun."

Ya gyaɗa kai. Ya ce inji ba a yi masa dole, shi ma ya taɓa ƙona nasa da ganganci. Har haƙuri ya ba ni. Matata tana ƙofar kicin ta ji komai. Da ya fita ta ce, "Tsohon nan ka yi wa ƙarya?" Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi.

Kwanakin da suka biyo ina ganin yarinyar tana fita da jakar takardu zuwa shagon intanet na cikin gari. Wani lokaci layi ya yi tsawo, wani lokaci a ɗauke wuta. In ta dawo ta gaishe ni, sai na amsa ina kallon wani wuri.

Ran wata Asabar intanet ɗin buro ya lalace, ga rahoto da za mu tura Yamai. Abokan aikina huɗu suka zo gidana, kowa da kwamfutarsa, muka baje a rumfa. Ina ta fankama ina karanta musu kod. Dattijon ya hango mu ta kan katanga. Sai ga shi ya shigo da sauri, ko takalmi babu.

"Ku kashe! Ku kashe, za ku ƙona ma Mushe akwati! Biyu yake ɗauka!"

Ɗaya daga cikinsu ya fashe da dariya. "Baba, wa ya gaya maka? Wannan ko talatin ne ɗauka zai yi."

Sau ɗaya ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Jira nake ya nuna ni, domin da ya yi haka da na samu abin yin fushi. Sai ya yi murmushi ya ce musu, "Karambanina ne, ƴaƴana. Ni injin ruwa kawai na sani. Ku yi aikinku." Ya rufa mini asiri a gaban mutanena, ya juya ya fita.

Suna tafiya na rubuta kod a takarda na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya naɗe ya sa aljihu. Na ce a kira yarinyar ta tura takardunta yanzu.

Ya ce, "An rufe tun Alhamis. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Na ce duk da haka ta dinga amfani da shi, kowane lokaci. Ya ce madalla.

Akwatin yana da wani shafi da ke nuna duk na'urar da ta hau. Shekara biyu muka ƙara a gidan, kuma ba na yin mako ban buɗe shafin nan ba, ina fatan ganin baƙuwa. Har aka yi mini canjin aiki zuwa garin Maine, nan cikin jihar Diffa, kwamfuta biyu ce a jerin, tawa da ta matata.