Sajan Garba Bai Kashe Kowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sajan Garba ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina zaune ina jiran shayi ya huce. 'Yarsa Hadiza ce ta kira ni a waya. Ta ce jiya bayan azahar ya cika a ƙauyen da yake zaune can bayan Bukkuyum, aka yi masa sutura kafin magariba. Na tambaye ta ko wani daga Gummi ya je. Ta ce babu.

Tun ɗazu nake rubutu ina gogewa, ba don kuka ba. Haushi ne ya tokare ni a ƙirji, kuma yau sai na amayar da shi.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Tsohon soja ne, ya dawo gida bayan yaƙin basasa, aka ɗauke shi malamin wasanni a firamaren da nake koyarwa a Gummi, farkon shekarun tamanin. Gajere ne, baƙi, ga wuya kamar turmi, ga usur rataye a ƙirji ko masallaci za shi.

Ni kuwa a lokacin ciwon shawara ya kayar da ni. Na yi watanni a kwance. Da na tashi, ina saurayi da ni, a zaune nake sallah. Inna ta riga ta fara kallona da irin kallon da ake yi wa wanda ba a sa ran zai ga damina.

Wata safiya Sajan ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Lawali, ciwo ya sake ka, kai na ba ka sake shi ba. Gobe in an sallame asuba ka iske ni bakin gulbi."

Na ce masa ko ƙofar gida da ƙyar nake kaiwa. Ya ce ai shi ya sa.

Da rani in gulbi ya janye, yashi ne shimfiɗe iya ganinka. Nan yake tara mutanensa. Malaman makaranta, direbobi, wani akawun kotu mai tumbi, 'yan kasuwa biyu-uku. In ya busa usur sai a kwasa da gudu iya ƙarfi cikin yashin nan mai riƙe ƙafa. In ya sake busawa a koma tafiya. Kafin numfashi ya dawo maka ya sake busawa. Daga nan tsallen kwaɗo, daga nan kowa ya goyi ɗan'uwansa ya haura gangare da shi, a ƙare da jan igiya. Kafin rana ta yi zafi an watse, kowa ya jiƙe sharkaf.

Gari kuwa ya samu abin dariya. Mahaukatan Sajan ake ce mana. Mata masu ɗibar ruwa su rufe baki da gyale. Wani Bafillace mai shayar da shanu ya taɓa tsayar da mu da gaske, ya tambaye mu mi ya koro mu.

Amma ga abin da masu dariyar ba su sani ba, kuma shi ne tushen maganata ta yau. Sajan ba ya sa sabon zuwa gudu. Kashi biyu ya raba mu: 'yan gudu a cikin yashi, 'yan tattaki a gefen gaɓa inda ƙasa ke da tauri. Duk wanda ya zo sai ya riƙe masa wuyan hannu, ya ja masa fatar ido ya duba, ya tambaye shi ciwonsa. In ka fara noƙe-noƙe sai ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai ciwo da dattijo da mai ƙiba, tattaki za su yi har sai shi ya ce su shiga yashi.

Ni na daɗe cikin 'yan tattaki. Kullum sai ya bar masu gudu ya zo ya jera da ni, yana ba ni labarin yadda suka ci ɗanyen rogo a daji, don kada in lura da nisan da na yi.

Da ya ga silifas nake sawa, ya kawo mini kambas ɗinsa na soja. Sun yi mini yawa, ya cusa tsumma a gaba ya ce ƙafa za ta biyo su.

Akwai wata tsohuwar Bafillata da ke ajiye masa ƙwaryar fura da nono. Ni yake miƙa wa, ya ce shi ya karya tun a gida. Daga baya matarsa ta gaya mini bai taɓa karyawa kafin ya fita ba.

Ranar da na fara tsallake yashin nan da gudu ban faɗi ba, bai yabe ni ba. Cewa ya yi gudun nawa kamar na agwagwa. Amma da yamma sai ga shi a gidanmu yana gaya wa Inna ta fara nema mini mata.

Ba ni kaɗai ba. Direban da ciwon baya ya hana shi tuƙi ya koma kan mota. Akawun kotu ya koma ganin yatsun ƙafarsa. Ko goro Sajan bai taɓa karɓa a hannun kowa ba.

Sai Alhaji Mudi ya shigo cikinmu.

Babban ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin kirki, ba zan ɓata shi ba yana kabari. Likita a Sakkwato ya ce yana da hawan jini, ya rage jiki, ya riƙa tafiya a ƙasa. Sajan ya sa shi cikin 'yan tattaki, ya kuma ja masa kunne a gabanmu cewa kada ya kuskura ya taka yashi. Alhaji ya bi doka. In ya iso sai ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya yi tattakinsa da 'yar shara, yana zolayar mu da cewa mu yi ta gudu, shi ya riga ya isa inda za mu.

Wata safiya wani sabon mutum ya zo. Matashi ne ma'aikacin gona da aka yi wa taransifa daga Anka. Bai san wa da wa ke zuwa bakin gulbi ba. Ashe mijin 'yar farin Alhaji Mudi ne.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle ya tsaya gabansa da gajeren wando. Yaron nan da ya ɗaga ido ya ga wanda ke tahowa, sai ya durƙusa ya gaida shi kansa a ƙasa, ya zame tun Sajan bai duba shi ba ya shige tsakiyar 'yan gudu don ya ɓace wa idonsa.

Alhaji kuma ya tsaya cak. Bai iya tuɓe riga a gaban mijin 'yarsa ba. Bai iya juyawa gida ba, kada a ce ya gudu. Abin da ya fi ci masa rai, a ganina, shi ne yaron ya gan shi cikin layin marasa lafiya da tsofaffi. Da usur ya tashi, sai kawai muka ga Alhaji ya faɗa yashi da babbar riga da hula.

Ina kusa da su, da idona na gani. Sajan ya busa usur na tsayawa. Ya sha gabansa ya ce, "Alhaji, koma gaɓa, wanga ba naka na ba." Alhaji ya kauce masa. Sajan ya bi shi ya cafki hannun rigar, Alhaji ya fizge, rigar ta yage, ƙyallen ya rage a hannun Sajan.

Bai yi nisa ba ya dafe ƙirji ya durƙushe.

Sajan ne ya goya shi, mutumin da ya ninka shi nauyi, ya haura gangare da shi har bakin hanya. Kafin a samu mota rai ya yi halinsa.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaye gari: Sajan ya tilasta wa Alhaji gudu da bulala irin ta soja har zuciyarsa ta buga. Bulalar da ba wanda ya taɓa gani.

Aka yi zama gaban manyan gari. Ƙanen mamacin shi ke rabon takin zamani a lokacin, kowa na da gona, kowa na da buƙata. Aka tambaya ko akwai wanda ya ga Sajan ya hana Alhaji gudu. Na miƙe na faɗi abin da na gani. Aka ce ni ai yaronsa ne, takalminsa ma nake sawa. Aka ce a samo shaida na biyu.

Na waiga. Ga direba, ga akawun kotu, ga malaman da muke goyon juna a baya kowace safiya. Mutanen da Sajan ya mayar wa ƙafafunsu, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma.

Surukin ma yana wurin. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kashe maganar. To amma yaya zai buɗe baki a gaban dangin matarsa ya ce saboda kunyarsa uban ya mutu? Na fahimci nauyin a ranar. Abin da ban fahimta ba shi ne shekara arba'in da suka biyo baya.

Aka raba Sajan da aikinsa. Yara suka fara binsa da waƙa in ya ratsa kasuwa. Matarsa ta daina zuwa suna da biki. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen kakanninsa na wajen uwa, ya kama fartanya. Ba a sake yin atisaye a yashin nan ba.

Bara bayan babbar sallah na je na gan shi. Idonsa ya tafi, amma zaman nan nasa na soja yana nan, baya a miƙe kamar an sa masa sanda. Da ya ji muryata ya miƙo hannu ya lalubi cikina ya ce, "Lawali, mi ag ga wanga? Buhun gero ka haɗiye?" Muka yi dariya har da hawaye.

Ya tambayi mutanen yashi ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da ciwon kowa. Bai manta ko ɗaya ba. Bai zagi ko ɗaya ba, ni ne nake zaginsu yana cewa in bari.

Da na tashi tafiya ya riƙe mini wuyan hannu yadda ya saba, kamar zai duba jinina. Ya sassauta murya don kada jikokinsa su ji.

"Can Gummi, har yau cewa sukai ni na kashe shi?"

Na ce masa har yau.

Ya ce, "Ni dai Allah ya sani riƙe shi ni yi. Ba don kaina ba, Lawali, ni na gama. Ɗiyan ga nika ji, kak a bar musu sunan ga."

Na yi masa alkawari zan je wurin surukin Alhaji, kuma na je. Yanzu dattijo ne mai faɗa a ji, yana zagayen unguwa da yamma da farin kambas da agogon da ke ƙirga masa taku. Ya karɓe ni da lemo da fara'a. Da na kawo maganar ya ce, Malam, abin da ya wuce ai a bar shi ya wuce, tone-tone ba shi da amfani. Ga wanda bai rasa komai ba, lallai ya wuce.

Ɗazu na sanya sanarwar rasuwar a guruf ɗin 'yan garinmu. Shi dattijon ya turo sitika ta hannuwa biyu a ɗage, bai ƙara ko harafi ba. Can ƙasa sai wani yaro da ko auren iyayensa ba a yi ba a wancan lokaci ya rubuto: "Allah sarki, ko shi ne sojan nan da aka ce ya kashe wani Alhaji da gudu?"

Jikan Sajan yana cikin guruf ɗin. Na ga alamar ya karanta, bayan ɗan lokaci kuma na ga ya fita.

Shi ya sa na rubuta wannan a fili, inda kowa zai gani. Sajan Garba bai kashe kowa ba. Alhaji Mudi kwanansa ne ya ƙare, kunya ta zama sanadi, kuma mutum ɗaya tak da ya yi ƙoƙarin tare shi shi aka ɗora wa gawar. Ni shaida ne, zan maimaita haka a gaban Allah. A wancan zama an ce shaida ɗaya bai isa ba. Ku da kuka rage da rai cikin mutanen yashi, kun san kanku, kuna karanta wannan da idon da har yau ke gani da ƙafar da har yau ke ɗaukarku. Shi ya tafi bai ji ba. Jikokinsa suna nan, kuma har yanzu shaida na biyun ake nema.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Garba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa nauyin da ya ɗauka ba da hakkinsa ba ya zama masa kankarar zunubi. Ka wanke shi a ranar da ba mai iya sunkuyar da kai. Ka jiƙan Alhaji Mudi, ka jiƙan iyayenmu.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce da sitika. Ka buɗe baki ka yi masa addu'a, ka kira sunansa.